Kwalin da Mahaifinsa Ya Aiko

A watan Maris na 2012 wani kwali ya iso gidan Jordan Mechner a birnin Los Angeles na Amurka. Mahaifinsa ne ya aiko shi daga New York, bayan ya share wani kabad ya tarar da tarkacen da ya tabbata na ɗansa ne. Galibin abin da ke ciki tsofaffin kwafe ne na wasannin kwamfuta da Mechner ya ƙirƙira tun yana saurayi. A tsakaninsu akwai wasu ƙananan akwatunan roba cike da faya-fayan fulofi masu faɗin inci 3.5, irin waɗanda duniya ta daɗe da yin sallama da su. Takardar da ke manne a jikin wasu daga cikinsu ta nuna cewa asalin rubutun wasan Prince of Persia ne, na kwamfutar Apple II, na shekarar 1989.

Shekara 10 ke nan Mechner yana neman waɗannan faya-fayan. Ya fara cigiyarsu ne a 2002, lokacin da ma'aikatan kamfanin Ubisoft da ke gina sabon wasan The Sands of Time suka so su ɓoye tsohon wasan a cikin sabon, domin ya zama tsaraba ga duk wanda ya gano shi. Ya birkita kayansa, ya tuntuɓi tsofaffin abokan aiki, bai dace ba. A ƙarshe sai da aka lallaɓa da rubutun sigar da aka yi wa kwamfutar Macintosh. A lokacin da kwalin ya iso, an riga an sayar da wasan a ƙasashe da dama, an yi masa magada, har kamfanin Disney ya mayar da labarin fim a 2010. Duk da haka mutumin da ya haifi abin ba shi da ko layi ɗaya na aikin da ya ci masa shekara huɗu na ƙuruciyarsa.

Abin da ya ɓata

Wanda ya taɓa ganin wani ɗan saurayi cikin fararen kaya yana tsallake ramuka masu tsinin ƙarfe a fuskar tsohuwar kwamfuta, yana da minti 60 kacal ya kuɓutar da gimbiya daga hannun waziri Jaffar, zai iya tambaya: me ya ɓata, tunda wasan yana nan ana buga shi?

Wasan da mutum yake bugawa, a wurin na'ura, jerin lambobi ne na sifili da ɗaya. Ba haka ɗan Adam ya rubuta shi ba. Mai shirya manhaja yana rubutu ne da wani harshe da mutum zai iya karantawa, yana raɗa wa kowane abu suna, yana barin ɗan bayani a gefe domin ya tuna wa kansa dalilin da ya sa ya yi kaza bai yi kaza ba. Wannan shi ne rubutun tushe, wanda masu sana'ar suka fi kira kod. Daga nan sai a miƙa shi ga wata manhaja ta juya shi zuwa harshen na'ura, kuma a wajen juyin ne sunaye da bayanan gefe suke zubewa, domin na'ura ba ta da buƙatarsu. Juyayyen shi ake sayarwa a kasuwa.

Bambancin kamar na gida ne da zanen gininsa. Mutum zai iya shekara 30 a gida bai san ta inda bututun ruwa ya ratsa bango ba, kuma bai rasa komai ba. Ranar da bututun ya fashe, ko ya so ya ɗora bene, ranar ce zai san amfanin takardar da injiniya ya zana. Ana iya gano hanyar bututun ta fasa bango, haka ma ana iya warware juyayyen wasa umarni bayan umarni. Wani gwani da aka fi sani da laƙabin Mr. SID ya bi wannan hanya har ya mayar da Prince of Persia zuwa kwamfutar Commodore 64 a 2011, watanni kaɗan kafin kwalin ya bayyana. Aiki ne mai cin rai, kuma ko an gama shi, tunanin mai ginin na farko ba ya dawowa, domin yana cikin sunaye da bayanan da suka zube.

Shekara huɗu a cikin kilobait 128

An haifi Mechner a 1964. Yana ɗalibi a Jami'ar Yale ya rubuta wasansa na farko da ya yi suna, Karateka, wanda kamfanin Broderbund ya fitar a 1984. Daga 1985 zuwa 1989 ya duƙufa kan Prince of Persia, kuma kusan shi kaɗai ya rubuta shi, da harshen asambuli na ƙwaƙwalwar 6502. Wannan harshe taki ɗaya ne tsakaninsa da harshen na'ura: babu wani umarni mai cewa a zana mutum, sai dai a ɗauko lamba daga nan, a haɗa ta da waccan, a ajiye a can. Duk ma'adanar da yake da ita kilobait 128 ce. Hoto guda mai megabait 3 da ake ɗauka da waya a yau ya ninka ta sau 24.

Domin motsin yariman ya yi kama da na mutum, ya ɗauki ƙanensa a bidiyo yana gudu da tsalle sanye da fararen kaya, sannan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana fitar da siffar jikin yana shigar da ita kwamfuta. Motsin takobi kuwa ya kwaikwayo shi daga wani fim na Robin Hood na 1938. Kiɗan wasan mahaifinsa ne ya tsara shi, wato dai dattijon da ya aiko kwalin.

Waɗannan hotunan motsi suka cinye ma'adanar, har babu wurin zana abokin gaba. Wata abokiyar aikinsa, Tomi Pierce, ta yi ta nanata masa cewa wasan da babu faɗa a cikinsa ba zai riƙe mutane ba. Mafitar ta fito ne daga wani umarni na 6502 da ake kira EOR, wanda ke gwama jerin lambobi biyu ya bar wuraren da suka saɓa kaɗai. Mechner ya ɗauki hoton yariman, ya gusar da shi da ɗigo ɗaya, ya gwama shi da kansa. Sai ga wata baƙar siffa mai farin gefe tana motsi daidai da yariman, ba tare da an kashe wuri wajen zana sabon hoto ba. Ita ce Inuwar da ke ficewa daga jikin yariman lokacin da ya tsallaka ta cikin madubi, take shanye masa magani, wadda a ƙarshe ba a cin galabarta sai an mayar da takobi kube an haɗe da ita. Abin da mutane suka fi tunawa a labarin wasan ƙarancin wuri ne ya haife shi, kuma dabarar da ta samar da shi tana cikin layukan da ke kwance a kwalin nan.

Ceto

Samun faifai daban, karanta shi daban. Fulofi yana riƙe bayani ne a kan wani siririn shafe mai maganaɗisu, wanda zafi da laima da tsawon zamani suke ci a hankali. Na'urar da za ta karanta shi ita ma ta tsufa, kuma lalatacciyar na'ura tana iya kankare abin da ya rage. Mechner ya sanar da abin da ya samu, ya kuma faɗi gaskiya cewa ba shi da kayan aikin da zai buɗe shi.

Jason Scott, wanda ya yi suna wajen adana tarihin kwamfuta kuma yake aiki da Internet Archive, ya amsa. Ya zo gidan Mechner a tsakiyar Afrilu, haka ma wani masanin Apple II da ya kwaso tsofaffin na'urorinsa masu aiki. Suka wuni suna bin faya-fayan ɗaya bayan ɗaya. Rubutun ya fito lafiya, har da wasu ayyukan da Mechner ya yi yana matashi waɗanda a lokacin ba su taɓa shiga kasuwa ba, irin su Deathbounce. Ba tare da ɓata lokaci ba ya ɗora rubutun Prince of Persia a GitHub, rumbun da masu shirya manhaja suke ajiye ayyukansu, inda kowa zai iya sauke shi kyauta.

Wasanni da yawa ba su yi wannan sa'a ba. Kamfanin Beamdog, wanda ya sabunta tsofaffin wasanni irin su Baldur's Gate, ya bayyana a 2017 cewa ba zai iya sabunta Icewind Dale II ba domin an nemi rubutun tushensa an rasa. Wani bincike da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Masana'antar da ke juya biliyoyin daloli ta bar tarihinta a hannun kabad da sa'a.

Takardar da ke bakin ƙofa

Tare da rubutun, Mechner ya ajiye wata gajeriyar takardar bayani, kuma duk mai neman kod ɗin wasa ya kamata ya san abu biyu da ke cikinta.

Na farko ya shafi haƙƙi. Ya ce a matsayinsa na marubucin kod ɗin, ba ya ƙin kowa ya karanta, ya sauya, ko ya gwada tayar da shi. Amma ya ja kunne cewa wannan bai ba kowa wani haƙƙi a kan Prince of Persia ba, domin Ubisoft ne kaɗai ke da ikon yin wasa da wannan suna da rarraba shi.

Na biyu ya shafi tambaya. Ya roƙi kada a nemi ya yi bayanin kod ɗin, domin ya manta. Rabonsa da harshen 6502 tun Oktoban 1989, ya koma rubutun labari da tsara wasanni. Sai ya nuna wa masu son fahimta wata takardar bayanin fasaha da ya rubuta a wancan watan domin amfanin ƙungiyoyin da za su mayar da wasan zuwa wasu na'urori. Mutumin da ya yi kyautar aikin shekara huɗu ya faɗi iyakar abin da zai iya bayarwa, ya kuma nuna inda sauran yake. Wanda ya tsallake wannan takarda ya aika masa tambaya ya nuna cewa bai karanta ko shafin farko na abin da aka ba shi ba.

Ba kowane buɗaɗɗen abu ne na kowa ba

Mechner ya bi sahun wata al'ada ce da wasu suka kafa kafin shi. Kamfanin id Software na jihar Texas ya fitar da wasan Doom ranar 10 ga Disamba 1993. Bayan shekara huɗu, ranar 23 ga Disamba 1997, babban mai shirya manhajar kamfanin, John Carmack, ya saki rubutun tushensa. Sigar Linux kaɗai aka saki, domin sigar DOS tana ɗauke da wata manhajar sauti da kamfanin ya saya daga wani, kuma ba shi da ikon bayar da abin da ba nasa ba. Lasisin farko ya hana amfani da shi domin kasuwanci. A Oktoban 1999 aka mayar da shi ƙarƙashin lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya tsara, mai sharaɗi ɗaya babba: kowa na iya ɗauka ya sauya ya rarraba, har ya sayar, amma dole ya saki rubutun nasa sauyin a kan sharaɗin da ya samu na asali.

Kamfanin ya ci gaba a haka: Quake a 1999, Quake II a 2001, Quake III Arena a 2005, Doom 3 a 2011. Kafin a saki na ƙarshen, sai da Carmack ya sake rubuta ɓangaren da ke zana inuwa, domin wani kamfani yana riƙe da haƙƙin ƙirƙira a kan dabarar. Sakamakon wannan buɗewa shi ne Doom bai mutu tare da na'urorin zamaninsa ba. An tayar da shi a kan kalkuleta da na'urar buga takardu da injin cirar kuɗi, har da allon tarakta. Wasu suka gina Chocolate Doom domin adana wasan kamar yadda yake a asali, wasu suka gina ZDoom domin faɗaɗa shi. Wasu kamfanonin ma sun biyo baya: an saki rubutun SimCity na farko da sunan Micropolis a 2008, Electronic Arts kuma ya saki na wasannin Command & Conquer biyu na farko a 2020.

Sai dai ko a Doom, injin kaɗai aka bayar. Zane-zane da sautuka da taswirorin matakai suna cikin wani fayil daban mai suna WAD, wanda har yau mallakar kamfani ne. Wanda ya sauke kod ɗin ya juya shi zai tarar ba ya tashi sai ya kawo wannan fayil daga kwafin da ya saya, ko daga sigar gwaji da aka raba kyauta, ko ya yi amfani da Freedoom, wanda 'yan sa-kai suka zana daga farko domin cike wannan giɓin.

Akwai kuma kod ɗin da ke yawo ba da yardar mai shi ba. A 2003 wani matashi Bajamushe ya yi kutse a kwamfutocin kamfanin Valve ya kwafi rubutun Half-Life 2 tun wasan bai kammala ba, kuma rubutun ya bazu a intanet. Daga baya shi da kansa ya tuntuɓi shugaban kamfanin, Gabe Newell, yana nuna nadama, yana kuma neman aiki. 'Yan sandan Jamus suka kama shi a Mayun 2004, kotu ta yanke masa ɗaurin talala na shekara biyu a 2006. Wasan bai fito ba sai Nuwamban 2004, fiye da shekara guda bayan ranar da aka fara sanarwa. Ko waɗanda ba su saci komai ba, suka warware juyayyen wasa da ƙwazonsu, ba su tsira daga rigima ba: a 2021 kamfanin Take-Two ya maka masu aikin re3 a kotu saboda sake gina rubutun Grand Theft Auto III da Vice City.

Saboda haka abin da mai nema zai fara dubawa shi ne wa ya ajiye kod ɗin, da kuma abin da fayil ɗin lasisi ya ce. Inda babu lasisi ko kaɗan, doka tana ɗaukar cewa mai shi bai saki haƙƙinsa ba, ko da ƙofar a buɗe take. Ƙwararru da yawa ba sa ko leƙa kod ɗin sata, domin idan wani abu mai kama da shi ya ɓulla a aikinsu gobe, ba su da hanyar wanke kansu. Wanda ya je wurinsu yana cigiyar inda zai samu irin wannan kaya ya rufe wa kansa ƙofa tun kafin a san sunansa.

Ladabin tambaya

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, kuma gaskiya ne, matuƙar ya san yadda zai yi tambayar. Wanda ya tsayar da mutum a hanya ya ce masa ya ɓata, bai faɗi inda za shi ba, bai faɗi inda ya fito ba, ko mai son taimakonsa ba shi da abin da zai ce masa.

A 2001 Eric Raymond, tare da Rick Moen, ya rubuta wata doguwar ƙasida kan yadda ake yi wa masana fasaha tambaya, wadda har yau ake tura wa sababbin shiga. Harshenta yana da kaushi, kuma an soke ta a kan haka. Amma tushenta yana nan daram: mutanen da suke amsa tambayoyi kan irin waɗannan ayyuka galibinsu 'yan sa-kai ne, ba wanda yake biyansu, lokacin da suke bayarwa kuwa daga barcinsu da iyalinsu suke yanko shi. Ba sa bin kowa bashi, kowa kuma ba ya bin su.

A ƙaddara mutum biyu sun sauke rubutun Doom na 1997, duka ya ƙi tashi. Na farko ya rubuta wa wani masani cewa kod ɗin ba ya aiki, a taimaka masa da gaggawa, in da hali a turo masa wanda ke aiki. Na biyu ya rubuta cewa yana gwada sigar Linux ta 1.10 a kan kwamfuta mai bit 64, ya ambaci manhajar juyin da ya yi amfani da ita da lambar sigarta, ya faɗi gyare-gyaren da ya yi har juyin ya kammala. Ya ce ya ajiye fayil ɗin WAD na sigar gwaji a inda ya dace, wasan yana farawa sai ya tsaya yana ƙorafi kan allo, ya kwafo saƙon kuskuren harafi da harafi. Ya ƙara da cewa daga abin da ya karanta yana zargin kod ɗin yana neman allo mai launi 256 ne irin na wancan zamani. Sannan ya faɗi manufarsa: so yake ya fahimci yadda wasan yake zana bango, shin ya fi masa ya ƙirƙiri irin wancan allon, ko ya koma kan Chocolate Doom?

Na farko ya ɗora wa masanin aikin tambayarsa tambayoyi biyar kafin a san ciwon. Na biyu za a iya amsa masa da jimla biyu, kuma da alama za a ce masa ya koma Chocolate Doom, tunda fahimta yake nema. Da bai faɗi manufarsa ba, da an ɓata kwana ana taya shi gyaran allon da ba ya buƙata. Wannan kuskure ne da masu ilimi ma suke yi: su zaɓi wata hanya da kansu, ta toshe, su yi ta tambaya kan toshewar ba tare da sun faɗi inda suka nufa ba.

Wani abin da ke hana mutane yin tambaya irin ta biyu shi ne kunya. Wanda ya saba a ofis ana zuwa wurinsa neman shawara yana jin nauyin ya baje kurakuransa a gaban baƙo, sai ya dunƙule maganar, ko ya lulluɓe ta da doguwar gaisuwa da yabo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wannan fage girmamawa ita ce mutum ya nuna ya yi nasa ƙoƙarin kafin ya zo, kamar yaron gareji da ke zuwa wurin maigidansa ya ce ya duba batir ya duba fulogi, mota tana juyawa amma ba ta kamawa. Maigidan zai ajiye abin da yake yi ya zo, domin ya ga inda koyarwarsa za ta zauna.

Sauran ladubban ƙanana ne, amma ana lura da su. Kalmar gaggawa ba ta sa a hanzarta, domin gaggawar mai tambaya ce shi kaɗai. Ba a bin mutum ta lambarsa ta sirri da tambayar da ke da wurin da aka keɓe mata. Idan amsa ta zo a gajarce, aka ce a je a karanta shafi kaza, ba wulaƙanci ba ne, sau da yawa amsar tana can ɗin. Idan an yi shiru, wataƙila babu wanda ya sani, ko tambayar ce ke buƙatar gyara. Idan kuma matsalar ta warware, ko da mai tambayar ne ya warware ta da kansa, sai ya koma ya faɗi abin da ya yi aiki. Yaba kyauta tukwici, kuma tukwicin da ya fi amfani a nan shi ne bayanin da wani zai tarar bayan shekara biyar, lokacin da ya faɗa ramin da aka riga aka fita.

Abin da ya biyo baya

Roƙon Mechner na kada a tambaye shi bai hana a fahimci aikinsa ba. A 2013 Fabien Sanglard, Bafaranshen da ya shahara da bin rubutun tsofaffin wasanni layi-layi, wanda daga baya ya wallafa littattafai kan injinan Wolfenstein 3D da Doom, ya yi dogon sharhi kan yadda Prince of Persia yake loda kansa daga faifai da yadda yake raba 'yar ma'adanarsa. A 2018 wasu masu sha'awar tsofaffin na'urori a Ingila suka ɗauki rubutun suka tayar da wasan a kan BBC Master, kwamfutar 1986 wadda ke amfani da ƙwaƙwalwa daga dangin 6502, kuma wadda ba a taɓa yi wa wasan ba a zamaninta.

Mai karatun da bai taɓa rubuta layin kod ba shi ma yana da nasa faya-fayan: kundin digiri a cikin laftof da ta daina tashi, zanen gini a filashin da aka ara ba a dawo da shi ba, rahoton shekaru a akwatin imel na ma'aikatar da ya bari. Abu biyu ne suka ceci aikin Mechner. Ɗaya sa'a ce, uban da bai zubar da tarkacen ɗansa ba. Ɗayan kuwa shi ya yi shi da hannunsa: a Oktoban 1989, yana ɗan shekara 25, aikin yana sabo a kansa, ya zauna ya rubuta yadda komai yake tafiya domin mutanen da bai sani ba. Lokacin da kwalin ya iso yana da shekara 47 kuma ya manta, sai ya tura masu tambaya wurin wancan saurayin.